Na koma gas, amma mita na nuna 14.7: matsala ce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sa wa motata tulun gas na CNG, na kuma ɗaura mitar da ke nuna haɗin iska da mai. A kan fetur, idan mota tana sulo mitar na nuna 14.7, in na taka totur sosai ta sauko 12.5, in na ɗaga ƙafa a gangara sai ta haura 20. Abin da ya ɗaure mini kai, na juya zuwa gas amma har yanzu 14.7 nake gani, alhali an ce mini 17.2 gas yake buƙata. Mitar ce ta lalace, ko saitin ne bai yi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, mitarka lafiyarta ƙalau, kuma don Allah kada ka bari kowa ya taɓa saitin da nufin kai ta 17.2.

Kafin fetur ya ƙone tas, kowane kilo ɗaya nasa yana buƙatar iska kilo 14.7. Da nauyi ake wannan lissafi, ba da lita ba. Amma kowane mai da nasa kason: CNG wajen 17.2, zallan itanol wajen 9, fetur mai gaurayen itanol kashi 10 cikin ɗari wajen 14.1. Saboda wannan bambancin injiniyoyi suka fi son lambda, wato ka raba iskar da injin ya sha da iskar da man yake buƙata. Idan amsar ta ba da 1, haɗi ya yi daidai, ko wane irin mai ne. Ƙasa da 1, mai ya yi yawa. Sama da 1, iska ce ta rinjaya.

To sensar da ke jikin bututun salansa ba ta san abin da ka zuba a tanki ba. Hayaƙi kawai take shinshinawa, ta gano ko akwai ragowar iskar oksijin ko ragowar mai, daga nan ta fitar da lambda. Mitar ce ke ninka wannan adadi da 14.7, domin a kan fetur aka saita ta tun daga kamfani. Saboda haka 14.7 da kake gani a kan gas, ma'anarsa lambda 1 ce, kuma a zahiri injinka 17.2 ɗin yake sha. Da bakanike zai rage gas har fuskar mitar ta nuna 17.2, lambda ta koma 1.17 ke nan: mota ta mutu a hawa, ta riƙa fizga, wani lokacin ta yi harbi ta wajen shan iska. Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a 2023 masu komawa gas suka yawaita, kuma wannan ruɗanin zai ci gaba da cin kuɗin mutane muddin ana karanta mitar fetur da idon gas. Shawarata, shiga saitin mitar ka mayar da ita kan lambda, ka huta.

Batun 12.5 kuma, lambda 0.85 ce, kuma da gangan ƙwaƙwalwar mota ke ƙara fetur idan ka taka totur har ƙasa. A nan wajen injin ya fi ba da ƙarfi, rarar man kuma tana sanyaya cikin silinda, ta hana fistin cin wuta. Masu turbo har 0.78 zuwa 0.82 suke sauka. Wuce 20 a gangara ba komai ba ne, nozul ne suka rufe gaba ɗaya, iska zalla ke bi ta wuce.

Inda nake son ka sa ido shi ne lokacin da mita ke faɗin abin da ba haka yake ba. Ƙaramar huda a salansa kafin wurin sensa tana zuƙo iskar waje, sai mita ta ce mai ya yi kaɗan. Fulogin da ba ya kawo wuta ma haka: man bai ƙone ba, oksijin ɗin ya fito yadda ya shiga, sensa ta gan shi ta ce iska ta yi yawa, alhali salansa warin ɗanyen fetur take yi. Wanda bai sani ba sai ya ƙara mai, ya dagula lamarin. Don haka kafin a taɓa saiti, a duba fulogi, kwayil da gasket ɗin bakin salansa.

Kada kuma ka haɗa mitarka da tsohuwar sensa irin wadda kamfanin Bosch ya fara sa wa motocin Volvo a 1976. Waccan tana lilo ne tsakanin ƙarfin lantarki bolt 0.1 da 0.9, iyakarta ta ce mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ba ta faɗin da nawa. Saiti sai da sensar da ke faɗin ainihin adadin, irin Bosch LSU 4.9.

Idan kana da na'urar duba mota, bari injin ya yi zafi, ka karanta gyaran man da ƙwaƙwalwa ke yi a kan fetur, sannan ka juya gas ka sake karantawa. In tazarar ta haura kashi 10 cikin ɗari, ko lambar P0171, mai nuna iska ta yi yawa, ta fito a kan gas kaɗai, ka mayar wa wanda ya haɗa maka tulun ya sake daidaita nozul ɗin gas, motar na tafiya a kan titi ba a tsaye a gareji ba.