Ba kowace 26 ce 26 ba

Ka ce mini, "Maigida, tsohuwar tayar 26 ce, sabuwar ma 26, amma na yi na yi ta ƙi hawa rim. Ko jabu aka sayar wa mai keken?" Ba jabu ba ce. Ajiye ƙarfen nan kafin ka tsinke mata baki, ka kawo su duka biyun nan inda haske yake.

Goge gefen tsohuwar da tsumma. An rubuta 26 x 1 3/8. Sabuwar kuwa 26 x 1.95. To, duba kusa da su, akwai wasu ƙananan lambobi da kowa ke tsallakewa. Tsohuwar 37-590, sabuwar 50-559. Waɗannan su ne masu faɗin gaskiya, kuma a milimita suke. Lamba ta farko kaurin taya ce. Ta biyun, mai lambobi uku, ita ce faɗin bakin taya daga wannan gefe zuwa wancan, daidai inda take zama a kan rim. Rim ɗin da ke gabanka 590 ne, kai kuma kana ta kokawar cusa masa 559. Milimita 31 ne tsakaninsu, ya wuce santimita uku. A cikin bakin taya akwai wayar ƙarfe, ba ta miƙewa. Ko ƙattin majiya ƙarfi ka tara mata, sai dai ta tsinke.

Za ka ce to me ya sa duka aka kira su 26? Saboda inci 26 ɗin awon waje ne, da taya da iskarta gaba ɗaya. Yi lissafi a ƙasa da tsinke. Ɗauki 590, ka ƙara 37 sau biyu, na sama da na ƙasa, ya ba ka 664. Ɗauki 559 ka ƙara 50 sau biyu, 659. Inci 26 kuwa milimita 660 ne. Ka ga a waje tsayinsu kusan ɗaya, amma mai kauri ta cinye wuri, dole rim ɗinta ya zama ƙarami. Mai sayen hula bakinta yake aunawa da kansa, ba ruwansa da tsayinta. Haka za ka riƙa yi da taya.

A 26 abin da sauƙi, don bambancin a fili yake. Inda ake jin jiki shi ne 28. Baƙin keken nan na iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix da Hero masu birkin sanda, wanda ake ɗora wa buhun gero ko jarkoki huɗu, tayarsa 28 x 1 1/2 ce, wato 40-635. Kekunan gwanjo na Turai su ma da yawa an rubuta musu 28, ko 700C, amma nasu 622 ne. Sai na Jafan masu kwando a gaba, yawanci ko 26 x 1 3/8 mai 590, ko 27 x 1 3/8 mai 630. Lura da wannan shirme: rim ɗin da ake kira 27 ya fi 28 na Turai girma, wanda ake kira 29 kuma 622 ne shi ma. Wanda ya dogara da inci a wannan sana'a ya shiga uku.

Tayar da ta yi wa rim kaɗan ba ta ba ni tsoro, don ba za ta shiga ba, asarar kuɗin mota kawai. Wadda ta yi masa yawa ita ce mugu. Ka sa 635 a rim mai 630, za ta faɗa da yatsa biyu, har ka ji daɗi ka ce yau aiki ya yi sauƙi. Milimita biyar kacal, ido ba ya gani. Ka buga iska, mutum ya biya ka ya ɗora kaya ya kama hanyar Wudil ranar Juma'a. Rana ta take, iskar ciki ta kumbura, bakin taya ya zame daga rim, tub ya leƙo ya fashe, ga shi a bakin titi da manyan motoci. Don haka duk tayar da ta hau ba tare da ka sa ƙarfin babban yatsa ba, ka ciro ta ka sake karanta lambar. Kekunan yara ma haka: 20 akwai 406 akwai 451, 24 akwai 507 akwai 540.

In rubutun ya goge, duba jikin rim, wani lokaci an buga lambar a can, ko ka duba ɗaya ƙafar. In babu, kar ka yi cinta. A ɗauki ƙafar a tafi da ita wurin mai kaya a gwada a gabansa.

Kauri kuwa nan ne kake da zaɓi. Muddin lamba ta biyun ta dace, kana iya ƙara kaɗan ko ka rage kaɗan. A rairayinmu ni mai kauri nake ba mutum, siririya nutsewa take yi, ga ta ba ta jure kaya. Sai dai ka tabbata ba ta gogar fok, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, ko ƙarfen da ke tare taɓo.

Yanzu sakawa. Fara duba ɗamarar da ke rufe kawunan wayoyi a cikin rim. In ta yage, yanko tsohon tub ka yi wata, in ba haka ba kan waya zai huda sabon tub daga ciki, ka yi ta faci kana zargin ƙaya. In tsohuwar taya za ka mayar, bi cikinta da yatsa a hankali, ƙayar aduwa takan karye ta bar kanta a roba. Saka gefe ɗaya na tayar. Hura wa tub iska kaɗan, iya yadda zai yi siffa, ka zura bawul a tsaye, ba a karkace ba. Ɗaya gefen ka fara shi daga can nesa da bawul, hannu biyu suna tahowa. In ya rage taki ɗaya ya yi tauri, nan ne yara ke rarumo sukundireba su cije tub. Kar ka yi. Koma inda ka faro, ka matse bakin tayar ya faɗa kwarin da ke tsakiyar rim, ka bi shi zagaye. Abin da ya rage zai saki, ka ture shi da tafin hannu. In sabuwa ce mai taurin kai, ɗan ruwan sabulu ya isa.

Tura bawul ciki kaɗan don kar tub ya maƙale a ƙarƙashin baki, sannan ka buga rabin iska. Akwai siririn layi a gefen taya kusa da rim. Ɗaga ƙafar ka juya ta, ka zuba wa layin ido. In ya nutse a wani wuri ya fito a wani, sace iskar ka gyara zamanta. Sai ya zagayo daidai ta gefe biyu za ka cika, gwargwadon abin da aka rubuta a jikinta.

Tub ma yana da lambarsa, kuma bawul iri uku ne: na baƙin keke mai 'yar roba a ciki, mai kauri irin na mota da babur, da siriri na keken tsere. Na mota ba ya shiga ramin siririn. Kuma ka tambayi mai keke wane famfo yake da shi a gida kafin ka sa masa wanda ba zai iya hurawa ba.