Amsa: Tun da ya yi ƙyanda bai ƙara lafiya ba

'Yar'uwa, kin ce ɗanki ya warke daga ƙyanda, amma yau gudawa gobe tari, ko ita ta karya masa garkuwar jiki? E, tana yi. Cutar na kashe fararen ƙwayoyin jinin da ke tuna cututtukan da jiki ya taɓa yaƙa. Wani binciken 2019 ya nuna wasu yaran kan rasa har kashi 73 cikin ɗari na wannan kariyar.

Nawa ya yi ta da bazara a Gusau. Wata uku muna zaryar asibiti, kunne na ruwa, ko kunun gyaɗa ba ya sha. Ki nemi a ba shi bitamin A. In kuwa numfashinsa ya yi sauri, haƙarƙari na lotsawa, kada ki kwana da shi a gida.