Wane yaƙi zan shimfiɗa a tebur ranar taro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan ina fentin 'yan mutum-mutumin sojojin zamanin Napoliyon masu tsayin milimita 28, ni da abokina muna buga wasan yaƙi da su a gida. Yanzu an ba ni tebur a babban taron masu wannan wasa: awa huɗu, 'yan wasa shida, kuma ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Zuciyata tana kan yaƙin Watalu, tunda kowa ya san shi. Me ya kamata in duba kafin in tsai da shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Watalu zai cika maka kujeru tun kafin ka gama jera sojoji, wannan babu ja. Amma ka fara da lissafi. A ranar 18 ga Yunin 1815 an tara mutum wajen 190,000 a filin nan, idan ka haɗa Faransawa da rundunar Welinton, kwamandan Birtaniya da ƙawayenta, da Furusiyawan Blücher, wato Jamusawan da suka kawo masa ɗauki. Ko da kowane mutum-mutumi ɗaya ya tsaya a madadin soja 50, kana buƙatar kusan 4,000. Masu yin Watalu gaba ɗaya galibi ƙungiya ce, da ƙananan sojoji masu milimita 6 ko 15, kuma yini guda suke warewa.

Matsalar da ta fi yawan sojoji ita ce ta zaman jira. An fara Watalu kafin tsakar rana, Furusiyawa kuwa ba su shiga faɗan sosai ba sai wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Na taɓa yin wannan kuskuren. Na ba wani bawan Allah rundunar Furusiya, ya zauna da tef ɗin awo a hannu, sojojinsa na cikin tire a gefen tebur. Ya gyara musu layi, ya sake gyarawa, ya karanta takardar dokoki gaba da baya. Bayan awa ɗaya da rabi ya ce bari ya leƙa rumfunan masu sayar da kaya. Da lokacin shigowar Furusiyawa ya yi, ni na tura su da hannuna, domin bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Saboda haka abin da nake tambayar kaina game da kowane yaƙi shi ne: mutanen nan shida, kowannensu yana da shawarar da zai yanke tun zagaye na farko? Kuma idan an ci rabin lokaci, akwai sauran shakka kan wanda zai yi nasara? In amsar ɗaya daga ciki a'a ce, sunan yaƙin ba zai cece ka ba.

Da sojojin da ke hannunka, ni Quatre Bras zan zaɓa maka, wanda aka gwabza kwana biyu kafin Watalu, ranar 16 ga Yuni. Mararrabar hanya ce guda, da dajin Bossu a gefe, da gidan gona na Gemioncourt a tsakiya, duk sun shiga tebur mai ƙafa shida a faɗi. Marshal Ney na Faransa ya fara kai hari wajen ƙarfe biyu na rana a kan sojojin Holan da Beljiyam kimanin 8,000 kacal, ya fi su yawa nesa ba kusa ba. Daga nan ɗauki ya riƙa isowa wa Welinton kashi-kashi, rundunar Janar Picton ta Birtaniya, sai Jamusawan Brunswick, har ma'auni ya juya kafin faɗuwar rana. Ka ga an ba Bafaranshe dalilin gaggawa, an ba abokin karawarsa dalilin cijewa. Dabara ɗaya: kowane ɗan wasa na ɓangaren Welinton ka ba shi bataliya ɗaya ko biyu a fili tun farko, ɗaukin da zai zo daga baya ya zama ƙari a kan abin da yake riƙe da shi. Sannan ga d'Erlon, janar na Faransa, wanda ya yini yana kai da komo da mutum wajen 20,000 tsakanin Quatre Bras da Ligny, inda Napoliyon ke fafatawa da Furusiyawa a ranar, ba tare da ya yi yaƙi a ko ɗaya ba. Ka bar ɗan ludo ya yanke ko zai iso da kuma yaushe. Ney da kansa bai san amsar ba a ranar.

In kuwa ranka ya kafe a kan Watalu, yanki yanki ake cin sa. Ɗauki faɗan gidan gona na Hougoumont kaɗai, ko ƙauyen Plancenoit inda Furusiyawa da dakarun Napoliyon suka yi ta ƙwace shi daga hannun juna. Haka masu yaƙin basasar Amurka ke yi da Gettysburg na 1863: yaƙin kwana uku ne, sai su ciro tudun Little Round Top na rana ta biyu su bar sauran.

Akwai kuma yaƙoƙin da daɗinsu a karatu yake, a tebur kuwa sai hamma. Cannae, shekara 216 kafin haihuwar Annabi Isa, ta yi suna ne saboda Rumawa sun kutsa tsakiya Hannibal, janar na Carthage, ya zagaye su. Wanda ka ba Rumawa ya san labarin, ba zai kutsa ba, in kuma ka tilasta masa ka mai da shi ɗan kallo. Wasu alƙalan wasa sukan ɓoye sunan yaƙin, su sauya taswira kaɗan, sai an tashi su faɗa. Umdurman na 1898, tsakanin Turawan Birtaniya da Mahdiyyawan Sudan, ya fi muni, domin aikin ɓangare ɗaya jefa ɗan ludo, ɗayan kuma kwashe gawarwaki daga tebur.

Rashin daidaiton ƙarfi shi kaɗai ba ya kashe wasa, muddin ka gyara ma'anar nasara. A Rorke's Drift da ke Afirka ta Kudu, cikin Janairun 1879, sojojin Birtaniya wajen 150 ne suka tare Zulu dubu uku zuwa huɗu a bayan katangar buhunan masara. Hanyar da na ga ta fi armashi ita ce a sa dukkan 'yan wasa cikin katangar, kowa da kusurwarsa da harsashinsa ƙidayayye, alƙali ya riƙe Zulu. Nan take za ka ji baƙi shida da ba su san juna ba suna gardamar wa zai bar wurinsa ya je ceton asibitin sansanin. Adwa ma, 1 ga Maris 1896, ta dace da taro: birged-birged na Italiya sun rabu da juna a tafiyar dare cikin duwatsu, sojojin Habasha na Menelik suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tebur ɗaya, faɗa uku, kowa da abokin karawarsa. Sai ka auna nasarar Italiyawa da yawan waɗanda suka tsira da su.

Kar ka manta mutanen nan ba su san dokokinka ba. Daga awa huɗun, cire rabin awa na bayani da rabon runduna, cire na kwashe kaya a ƙarshe. Abin da ya rage da ƙyar ya kai zagaye takwas zuwa goma da baƙin hannu, don haka ka jera rundunonin kusa da juna yadda igwa za ta fara magana a zagaye na farko, wuta ta kama a na biyu. Dokokin su shiga takarda ɗaya. Faɗin tebur kar ya wuce ƙafa shida, in ba haka ba hannu ba zai kai tsakiya ba, sai a riƙa ture bishiyoyi da hannun riga.

Kafin ranar, ka buga Quatre Bras ɗin sau biyu da agogo a gabanka, kuma a karo na biyu ka nemo wanda bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba ka ba shi 'yan Holan. In ya kai zagaye na huɗu yana riƙe da Gemioncourt ko yana ƙoƙarin ƙwato shi, shirin ya yi. In an share shi tun zagaye na biyu, ka matso da isowar Picton gaba da zagaye ɗaya ka sake gwadawa.