Tambaya da Amsa: Na Ja Wayar Lantarki da Kaina a Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa, Yaya Zan Shirya wa Masu Dubawa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Jidda, kuma ina gab da kammala gidana, wanda yake da ɗakin ƙarƙashin ƙasa da nake son in mayar da shi majalisi da ma'ajiyar kaya. Da yake na taɓa aikin wuta a ƙuruciyata, ni da kaina na dasa bututai, na ja wayoyi, na kafa ƙaramin akwatin rabon wuta a can ƙasan, kuma da na gwada duk fitilun sun kama. Mai filasta yana matsa mini in bar shi ya rufe bango, ga shi kuma an ce sai an zo an duba aikin. Me ya kamata in yi? Daga wani mai karatu a Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, ka ba mai filasta haƙuri ya dakata, domin kamawar fitila ba ita ce abin da mai dubawa zai zo gani ba. Abin da ya dame shi shi ne yadda za ta kasance ranar da waya ta tsage, ko ruwa ya shiga soket, ko yaro ya taɓa jikin firiza da jiƙaƙƙen hannu, kuma yawancin amsar wannan tana cikin bango. Idan ka rufe kafin ya gani, yana iya sa ka fasa, ka biya kuɗin filasta sau biyu.

Ka kuma san matsayinka a gaban doka. Tun shekarar 2021 aka tilasta wa sababbin gidajen zama bin Kundin Ƙa'idojin Gini na Saudiyya, wanda sashensa na lantarki shi ne SBC 401, kuma tsarin ya rataya ne a kan ofishin injiniyoyi mai sa ido da ɗan kwangila mai lasisi. Ƙwarewarka, komai yawanta, ba za ta maye gurbin sa hannunsu ba. Saboda haka kada ka ɓoye wa injiniyan cewa kai ka yi aikin. Ka faɗa masa, ka kawo ma'aikacin wuta mai lasisi ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya tare da taswirar da aka amince da ita, kuma duk inda ka ƙara soket ko ka sauya hanyar bututu, a shigar da shi cikin taswirar.

Inda nake son ka fi tsayawa shi ne batun ruwa. Ba a manta da ambaliyar Nuwamban 2009 a Jidda ba, kuma ko babu ambaliya, a unguwanni da dama ruwan ƙasa yana kusa, ga gishiri da ke cin ƙarfe. Ɗakin da ke ƙasa da titi shi ne farkon cika, don haka akwatin rabon wuta da soket-soket su ɗaga sosai daga daɓe, kada kuma akwatin ya zauna a ƙarƙashin bututun ruwa ko a bayan tarin kaya inda hannu ba zai kai shi da gaggawa ba. Kowane layin soket a wannan ɗaki ya bi ta breka (makunnin da ke katse wuta da kansa) mai jin yoyon wuta ta miliamfiya 30, wadda take katsewa da zarar wuta ta fara bin wata hanyar da ba tata ba. Mutane da yawa suna zaton brekar da aka saba ta wadatar, alhali ita waya take karewa daga ƙonewa, mutum kuwa yana iya rasa ransa da wutar da ba ta kai ta motsa ta ba. Wayar ƙasa, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta yoyo zuwa ƙasa, mai launin kore da rawaya, dole ne ta isa kowane soket da kowane akwatin ƙarfe ba tare da yankewa ba, har ta haɗu da sandar da aka kafa a ƙasa, kuma a bar wa mahaɗin sandar ramin dubawa mai murfi, domin a nan tsatsa take fara ɓarna.

Game da kaurin waya, abin da aka saba shi ne milimita sukwaya 1.5 ga fitilu da breka ta amfiya 10, sai 2.5 ga soket da breka ta amfiya 16 ko 20, na'urar sanyaya ɗaki kuwa a ja mata layinta ita kaɗai bisa lissafin injiniya. Kuskuren da ya fi yawa a aikin da mutum ya yi wa kansa shi ne ɗora babbar breka a kan siririyar waya don kada ta riƙa faɗuwa, kuma gogaggen mai dubawa yana gane wannan da kallo ɗaya. Haka nan zai buɗe akwatunan mahaɗa, kuma idan ya tarar da wayoyi an murɗe su an naɗe da baƙin salatif, ko haɗi a tsakiyar bututu inda ba a iya kaiwa gare shi, aikin ya faɗi. A yi haɗi da mahaɗan da aka ƙera don haka, a bar wa kowace waya ɗan saura a cikin akwati, kada kuma a cusa bututu har waya ta kasa motsi. Soket ɗin su zama masu ƙafa uku na amfiya 13 da ke da marufin kariya, kuma duk kayan su kasance masu shaidar SASO, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Saudiyya.

Akwai abin da waɗanda suka koyi aiki a tsofaffin gidaje suke yawan mantawa. A 2010 gwamnati ta yanke shawarar komawa tsarin bolt 230/400 daga tsohon 127/220. A tsohon tsarin, layin 220 yakan fito ne daga wayoyi biyu masu wuta, a sabon kuwa ɗaya ce mai wuta ɗayar nutural, wato wadda wutar take komawa ta cikinta, kuma makunni dole ne ya yanke mai wutar. Ka tabbatar daga kamfanin lantarki da wane tsari za a haɗa mitarka, kada kuma ka cakuɗa launukan waya, wato ja da baƙi na da tare da ruwan ƙasa da shuɗi na yanzu.

Kafin ranar dubawa, ma'aikacin ya kashe wuta ya yi gwaji da na'ura, ya rubuta sakamakon a takarda. Zai auna lafiyar rufin wayoyi da bolt 500, inda ake son a samu aƙalla megaom 1, ya auna isar wayar ƙasa zuwa soket mafi nisa, sannan bayan an kunna ya tabbatar brekar yoyon wuta tana katsewa cikin lokacinta. Ka rubuta sunan kowane layi a jikin akwatin da alƙalamin da ba ya gogewa, ka ɗauki hotunan bangon duka alhali bututai suna bayyane, ka kwashe buhunan siminti daga gaban akwatin, ka ajiye tsani da fitilar hannu. Idan kuma za ka sa famfon tsotse ruwa, wanda a ganina wajibi ne ga irin wannan ɗaki a Jidda, ka ba shi layinsa na daban, kuma ka sayi mai aiki da hazi 60, wato mitar juyawar wutar Saudiyya, domin wanda aka ƙera don hazi 50 na Najeriya ko Sudan zai yi gudun da ya wuce ƙa'idarsa a nan.