Amsa: xmlsec ya ƙi hawa a Ubuntu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce pip, abin girka manhajojin Python, ya ƙi girka xmlsec, manhajar sa hannun dijital a takardun XML, da ya girku kuma sai ya ce libxml2 ɗinsa, wato manhajar karanta XML da ya dogara da ita, ya saɓa da na lxml, wata manhajar XML ta Python da yake aiki tare da ita. Ni ma ya taɓa cinye mini yini guda a shagonmu na Tudun Wada, nan Gombe, ga janareto na shan mai.

Asalin xmlsec da harshen C aka rubuta shi, na Python ɗin riga ce kawai aka sa masa. Shi ya sa sai ka fara saka pkg-config da libxml2-dev da libxmlsec1-dev da libxmlsec1-openssl ta apt, abin girka manhajoji na Ubuntu, kafin ka taɓa pip.

Saɓanin kuwa, lxml da pip ke saukowa yana zuwa da nasa libxml2 a ciki, xmlsec kuma ya jingina da na kwamfutarka. Ka cire lxml da xmlsec ɗin da pip ya girka, sannan ka rubuta pip install --no-binary lxml,xmlsec lxml xmlsec, a gina su kan tushe ɗaya. Zai ɗan jima, ka yi haƙuri.

Af, bayan ka sa hannu a takardar XML kada ka gyara jerin layukanta. Tazara ɗaya ta ƙaru a ciki, tantancewa za ta faɗi.