Amsa ga Kawu kan hoton kan dutse

Kawu, barka da war haka. Saƙonku ya iso, har da tambayar da kuka naɗe cikin raha, wai mu mutanen Grenoble ta ƙasar Faransa Hausawa ne har yanzu ko mun bi Nasara, tunda an gan ni da hular kwano ina zamiya a dusar ƙanƙara.

Garin nan duwatsu ne suka yi masa zobe. A nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu a 1968, kuma dutsen Chamrousse bai kai tafiyar awa ɗaya a mota ba. Makarantu ma kan kwashi yara su je su koyo. To namu kaɗai za mu tsare a ɗaki?

Inda kuka gani a hoton ba filin kowa da kowa ba ne. Akwai hanyoyin da mota ke daddaɓewa da dare, masu alamar kore, shuɗi, ja da baƙi, gwargwadon wuyarsu. Ni bayansu na fita, inda ba a taka ba, kuma a can ɗan koyo ne ni. Dusar laushi gare ta. Katakon zamiya da ake ɗaurawa a ƙafa ya nutse, ƙafa ta lume har gwiwa, in ka faɗi ka kai hannu za ka dafa, shi ma ya shige. Miƙewa kaɗai sai ta sa ka gumi cikin wannan sanyi. Jagoranmu ya yi ta faɗa min in raba nauyina kan ƙafa biyu, in bar kwantawa baya.

Kun ce ganganci ne. Ai ba haka kawai ake fita ba. Kullum hukumar yanayi kan sanar da haɗarin zaftarewar dusar, daga mataki na 1 zuwa na 5. Kowa na rataye da na'urar da za a gano shi da ita, ga shebur da sandar lalube a jaka, don wanda dusa ta binne, in ya wuce minti 15 ba a tono shi ba, sai dai addu'a. Gangare mai tsauri ɗaya bayan ɗaya ake sauka. Ku da kuke Argungu, wa ke faɗawa cikin kogin Matan Fada kafin Sarkin Ruwa ya yi izini?

Amma na san inda maganar ta dosa, uwar yaran ce. E, ita ta fara ɗora ni kan katakon, gidansu da shi suka tashi. Shekara da shekaru a gida ana ce mata "Baturiyar nan", kamar ba ta da suna, alhali ita ke tuƙa tuwon shinkafa ranar Sallah, 'yan Dosso da 'yan zangon Kumasi su cika mana falo. Mu nan ba ma bin asalin kowa, in ka iya gaisuwa ka zauna a ci da kai. Marigayiya Inna ba ta taɓa tuhumarta ba, zane ma ta aiko mata da kuka da daddawa.

Hausar yaran kam ta yi rauni, ba zan ɓoye muku ba. Suna ji, amma amsa sai ta zo da Faransanci. Babbar dai in za ta gaishe ku a waya har durƙusawa take, ku ne ba ku gani. Muna shirin kawo su a dogon hutu in Allah Ya yarda. Don Allah ku ja kunnen yaran gida kada su yi musu dariya in sun karya harshe, don ana yi za su kama bakinsu har mu dawo.