Python ko JavaScript, da wanne yaren programming za ka fara?

Ɗan uwa tunda ka ce shafukan intanet kake son ginawa, ni dai shawarata ka ajiye Python tukuna. Fara da HTML da CSS, waɗanda da su ake tsara shafi da ƙawata shi, in hannunka ya faɗa sai ka shiga JavaScript, don ita burauza ke ganewa kai tsaye, ba sai ka sauke komai ba, buɗe Chrome kawai ka danna F12 ka rubuta a Console, wato wajen gwada JavaScript, nan take ka ga sakamako. Python ta fi daɗin karantawa kam, amma sai ka haɗa da kayan aikin gina shafi irin su Django ko Flask kafin ka ga shafi. Ni da yaren PHP na fara saboda WordPress, manhajar gina shafuka, har yau da PHP ɗin nake cin abinci, duk da alamar semicolon (;) ɗaya da na manta ya taɓa hana ni barci wallahi.